Maigida ya rasu ya bar Chevelle ƙirar 1970: in sallama wa amininsa a dala 40,000?

Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston, jihar Texas. Maigidana ya rasu bara ya bar ni da yara uku, biyu ba su kai shekara 18 ba, mahaifiyarsa kuma tana raye a gida. Cikin abin da ya bari akwai tsohuwar mota, Chevrolet Chevelle ƙirar 1970, ja, mai giyar hannu huɗu, an rubuta SS 396 a jikinta. A lalace ya saye ta, ya yi shekaru yana gyara. Na haɗa rasit ɗin da ke jakarsa, sun kai dala 84,000 har da kuɗin saye. Tun da ya kwanta ciwo ba a tayar da ita ba, ya fi shekara. Wani amininsa ya ce zai ba ni dala 40,000 kuɗi a hannu, ya ce ba za ta fi haka ba tunda injin da ke ciki ba nata ba ne. Ƙanin maigidan kuwa ya ce ya ga an sayar da irinta dala 150,000 a talabijin, in sa ta a Facebook kada in ta da zancen inji, ko a tura ta Najeriya a nemi mai kuɗi. Ni ban san kan mota ba, ga bashin gida ga kuɗin makaranta. Yaya zan yi?

Uwar marayu, Houston

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya kyautata makwancinsa, ya raya abin da ya bari.

Kada ki sallama wa aminin yanzu, kada kuma ki sa ta a Facebook. An ba ki adadi uku, 84,000 da 40,000 da 150,000, kuma a cikinsu babu wanda yake farashin motar nan, domin har yanzu ba a tantance wace mota ce ke cikin garejin ba. A kasuwar tsofaffin motocin Amurka masu manyan injuna, lambobin da aka buga a jikin ƙarfe da takardun kamfani ke yanke kuɗi. Sheƙin fenti na biye ne a baya.

Bari mu fara da mai ɗaci. Dala 84,000 da marigayi ya kashe ba ruwan mai saye da ita. Gyaran irin wannan mota da awa ake lissafa ladan aikinsa, aikin bodi da fenti kaɗai kan ci ɗaruruwan awoyi, shi ya sa galibin masu gyara ba sa mayar da abin da suka zuba. Wanda ya tsaya kan sai an biya shi abin da ya kashe, motarsa takan shekara a kasuwa har masu saye su fara zargin akwai wani abu. Amma kada ki yar da rasit ko ɗaya. Su ne shaidar wa ya yi aikin inji, yaushe, da wane kaya.

Motar da ƙanin maigida ya gani kuwa, mai yiwuwa wata ce daban mai kama da taki. A 1970 an yi Chevelle SS, wato Super Sport, samfurin mai babban inji, da injuna iri-iri, kowanne da lambarsa ta kamfani. Akwai L34, wanda ake rubuta wa 396 a jiki, wato girman injin, duk da cewa a wannan shekarar an ɗan faɗaɗa shi ya koma 402, ƙarfin doki 350. Shi ya fi yawa. Akwai L78 mai doki 375. Sai na 454 guda biyu: LS5 mai doki 360, da LS6 mai doki 450, wanda guda 4,475 kawai aka yi. LS6 mai cikakkun takardu ita ce ke wuce dala 100,000 ba wuya. Daga nesa duk fuskarsu ɗaya. Sannan adadin da ake sanarwa bayan gwanjo yakan haɗa da la'adar da mai saye ya biya a kai, yawanci kashi 10 cikin ɗari. Idan kin ji 110,000, guduma ta faɗi ne a 100,000, daga nan a cire la'adar mai sayarwa, kuɗin shiga, da kuɗin babbar motar da ta kai ta. Kasuwar ma ba ta tsayawa wuri ɗaya: wata LS6 mai buɗaɗɗen sama da ta yi suna a tsere an sayar da ita sama da dala miliyan ɗaya a 2006, da aka sake fito da ita a 2009 ba ta kai 300,000 ba.

Wace mota ce a garejin

Nan ne aikin yake, kuma rabinsa za ki iya yi da fitilar waya da tsumma.

Daga 1966 zuwa 1968 SS 396 tana da lambar shasi tata, mai farawa da 138, kowa ya duba ya gane. Daga 1969 Chevrolet ya mayar da SS ƙari da mai saye ke zaɓa, don haka lambar shasin 1970 ba ta nuna ko mota SS ce ko Malibu ce kawai, wato Chevelle ta gama-gari. Tambarin SS, bonet mai tozo, layuka biyu na fenti, baƙar robar bamban baya, dashbod mai zagayayyun agoguna, duk ana sayar da sababbinsu a yau. Saboda haka kwaikwayo ya yi yawa, masu saye kuma ba sa yarda da baki.

Ki leƙa ta gilashin gaba, ɓangaren direba, a kan dashbod akwai ƙaramin faranti mai ɗauke da lambar shasi, lambobi da harafi guda 13 a jere. Idan ta fara da 13637, Malibu ce mai rufi mai silinda takwas, za ta iya zama SS. Idan 13537 ce, da inji mai silinda shida ta fito, ba ta taɓa zama SS ba, magana ta ƙare. Lamba ta shida 0 ce, wato 1970. Ta bakwai tana nuna masana'antar da ta haɗa ta: A Atlanta, B Baltimore, F Flint, K Kansas City, L Van Nuys, R Arlington da ke nan Texas, 1 kuma Oshawa a Kanada. Ki kwatanta ta harafi da harafi da wadda ke kan takardar mallaka. Kuskuren harafi guda ya isa ya tsayar da ciniki a ofishin rajista. Kada kowa ya taɓa ƙusoshin farantin nan. Cire shi ko canza shi laifi ne a dokar tarayya. Kada kuma ki ɓata kuɗi kan Carfax, kamfanin da ke sayar da tarihin mota, da lambar shasi mai gurbi 17 yake aiki, wadda aka fara a 1981.

A buɗe bonet. Can ciki, wajen gindin gilashi, akwai wani faranti da ke nuna launin asali, kayan ciki da makon da aka haɗa bodin. 04C, misali, mako na uku ne na Afrilu. Lambar fenti 75 ita ce jan da ake kira Cranberry Red. Idan farantin ya ce kore ce aka mayar ja, ba aibi ba ne babba, amma yana rage kuɗi kuma dole a faɗa.

Sai babbar shaida. A gaban inji, ɓangaren fasinja, dab da inda tof silinda ta ƙare, akwai ɗan lebatun ƙarfe a jikin bulok. A goge shi da tsumma da man wanke maiƙo kawai. Ban da sanfefa, ban da buroshin waya, domin siraran layukan da injin kamfani ya bari a wurin su masana ke dubawa su gane ko an sake buga lamba. Layi biyu ake nema. Na farko kamar T0415CTX: T masana'antar injuna ta Tonawanda, 0415 ranar 15 ga Afrilu, haruffa ukun ƙarshe kuma irin injin. CTX shi ne L34 mai giyar hannu, CTW mai giyar otomatik. CRV da CRR na LS6 ne. Layi na biyu guntun lambar shasi ne: 1, 0, harafin masana'anta, sai lambobi shida na ƙarshe. Wasu masana'antun a ƙasa suke buga shi, kusa da filtar baƙin mai. Idan waɗannan shidan sun yi daidai da na dashbod, haruffan kuma CTX ne, to injin nata ne kuma SS ce ta gaskiya, zancen aminin ya faɗi. Ranar injin ya kamata ta riga ranar bodi da kwanaki ko makonni. Injin da aka haɗa bayan an gama mota ba nata ba ne. Girman inji kaɗai ba hujja ba ne, don a 1970 ana iya sayen Malibu da 402 mai doki 330 ba tare da SS ba.

Idan kin ga wurin fes ba lamba, kada hankalinki ya tashi. Masu gyaran inji sukan ɗebe saman bulok don ya daidaita, lambar ta tafi da shi. Rasit ɗin wannan aiki zai nuna. Sai a koma bayan bulok, inda yake haɗuwa da giyabos, a duba lambar zubi da ranar zubi, wato waɗanda aka zuba tare da ƙarfen bulok ɗin: 3969854 na 402 ne, 3963512 na 454. Giyabos ɗin hannu, wanda ake kira Muncie, shi ma yana ɗauke da guntun lambar shasi a jikinsa, aksil ɗin baya na SS kuma murfinsa kusoshi 12 ne.

To, a ce aminin ya yi gaskiya, injin ba nata ba ne. Tambaya ta gaba: ina na asalin? Mutane da yawa kan sa sabon inji don hawa, su ajiye tsohon a lungun gareji a rufe da leda. Duk wani ƙarfe da ke garejin nan, ko ya yi tsatsa, kada ki bari a kwashe da sunan share wuri. Tsohon bulok, kafireton Rochester Quadrajet, distiributa, altaneta, ƙafafun SS masu inci 14, kowanne da ranarsa a jiki. Tsohon bulok mai lambar motar, ko fashe yake, yana iya ƙara mata kuɗin da ya fi na sabon injin da ke ciki.

Sai takardu. Wadda ta fi kowace daraja ita ce takardar haɗi da ma'aikatan masana'anta kan bari a cikin mota: ƙarƙashin kujerar baya tsakanin sifirin, kan tankin mai, ƙarƙashin kafet, ko bayan murfin ƙofa. Idan akwai Z25 a kanta SS 396 ce, Z15 kuma SS 454. Tunda an wargaza motar wajen gyara, da wuya tana ciki. Ki duba jakunkunan marigayi, wayarsa, imel ɗinsa, da hotunan da ya ɗauka lokacin aiki. Takarda ce rawaya mai ƙananan akwatuna, sau da yawa a yage da tabon mai, mai shara zai ɗauka datti ce. Kada a manne ta da selotef, kada a yi mata laminatin, a sa ta cikin ledar ajiye takardu. Ki nemi kuma ƙaramin farantin garanti mai suna Protect-O-Plate a bayan littafin garanti. Idan Oshawa ce ta haɗa ta ko a Kanada aka fara sayar da ita, kin yi sa'a, GM na Kanada, wato reshen kamfanin da ya mallaki Chevrolet, ya adana bayanan irin waɗannan motoci kuma ana sayen kwafi. Na Amurka babu irin wannan. Ƙungiyar NCRS ta masu gyaran tsofaffin motocin Corvette tana ba da rahoton ranar haɗi da dilan da aka fara kai wa mota, amma ba ya tabbatar da SS.

Bayan wannan ki biya masani mai zaman kansa ya zo ya duba, wanda ya san Chevelle, wanda kuma ba ya sayen mota, ba aminin ne ya kawo shi ba. Ya ɗaga ta sama, ya auna kaurin fenti don gane inda aka cika da fila, ya duba inda tsatsa ke cin wannan ƙirar: gindin gilashin baya, ƙasan but, bayan tayoyin baya, ƙasan fenda, da inda bodi ke zaune kan shasi. Ya rubuta kima biyu, ta yau da ta ranar rasuwa. Ta biyun za ki ga amfaninta a gaba.

Wa ke da ikon sa hannu

Sunan wa ke kan takardar mallaka? Idan na marigayi ne shi kaɗai, ba za ki sa hannu a madadinsa ba, aminin ma ba zai iya yi wa motar rajista ba. Idan kotu ta naɗa ki mai kula da dukiyar, da takardar naɗin za ki sayar. Idan ba a je kotu ba, Texas tana da fom VTR-262 da magada ke rantsuwa a kai, amma da yake akwai yara ƙanana, ki ga lauyan gado kafin ki cike komai. Dokar Texas tana ɗaukar abin da aka saya cikin aure a matsayin na miji da mata tare, rabonta na gado kuma ya sha bamban da na shari'a, inda mata ke da ɗaya bisa takwas idan akwai 'ya'ya, uwa ɗaya bisa shida, bayan an biya bashi da wasiyya. Ki zauna da lauya da malami tun kafin kuɗi su shigo, surukarki kuma a sanar da ita ta yarda a rubuce. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa ba ki da damar yi wa aminin ragi don kara: a rabon shari'a, mafi yawan motar ta marayu ce.

Ki kira kamfanin inshora yau. Irin waɗannan motoci galibi inshorar ƙayyadadden farashi ake yi musu, a sunan mutum ɗaya. Ki tabbatar ba ta yanke ba, ki tambayi wa aka yarda ya tuƙa. Adadin da ke kan inshorar kuma ba farashin kasuwa ba ne.

Motar da ta shekara a tsaye ba a murɗa mata makulli haka nan. Fetur ɗin Amurka yawanci da kashi 10 na itanol a ciki, yana jan ruwa, ya yi danƙo a kafireto, ya cinye tiyon roba. Bakaniken da ya saba da tsofaffin injuna zai zuƙe tsohon man, ya canza filta da tiyo, ya juye baƙin mai ya zuba mai sinadarin zinki, domin kamshaf ɗin wancan zamani yana cinyewa idan babu shi. Zai cire filogi takwas ɗin, ya ɗiga mai a kowace silinda, ya juya injin da hannu, ya tabbatar baƙin mai ya zagaya kafin wuta ta kama. A ajiye abin kashe gobara kusa. Kafireton da ya maƙale yakan yi ambaliyar fetur kan inji mai zafi. Tunda filogi na waje, ya gwada matsin silinda ya rubuta. Bambancin da bai wuce kashi 10 cikin ɗari tsakaninsu ba alama ce mai kyau, takardar kuma tana sayar da mota. A canza man birki, a duba yoyo a gangunan baya. Taya kuma a duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikinta: 2314 mako na 23 ne na 2014, kuma tayar da ta kai shekara goma ta gama aiki ko zanenta bai goge ba. Sabon batir, wanki mai kyau ciki da waje, shi ke nan. Sabon fenti, sababbin ƙafafu, canza inji, ƙara tambari, babu wanda zai dawo da kuɗinsa.

Inda za a kai ta

Yanzu ki nemi farashi. Abin da aka sayar za ki duba, ba abin da ake nema ba. Kowa na iya rubuta 150,000 a talla. Kamfanonin gwanjon mota irin Bring a Trailer da Mecum da Barrett-Jackson suna barin sakamakon gwanjonsu a intanet. Ki tara guda goma na shekara ɗaya ko biyu da suka wuce masu irin injinki, irin giyarki, irin takardunki. Hagerty, kamfanin inshorar tsofaffin motoci, yana kasa motoci mataki huɗu, daga na 1, motar gasa marar tabo, zuwa na 4. Kusan kowane mai mota yana ganin tasa ta 2 ce, galibi kuwa ta 3 ce, musamman idan gyaran ya kwana biyu.

Idan ta tabbata SS ce mai takardu, a ganinmu gwanjon intanet irin Bring a Trailer ya fi dacewa da ke. Motar tana zaune a gida, kuɗin sa talla kaɗan ne, mai saye ke biyan shafin kashi 5 cikin ɗari, gwanjon kwana bakwai ne, duk tayin da ya shigo cikin minti biyun ƙarshe kuma yana ƙara minti biyu. Wahalarsa tambayoyi ne. Masana za su nemi hoton lebatun inji da na ƙarƙashin mota a bainar jama'a, mai sayarwar da ya yi shiru ko ya fusata farashinsa yakan tsaya. Ki samu wanda ya san motar ya zauna da ke wannan makon, ko ki ba ƙwararren da ke sayarwa a shafin a kan la'ada rubutacciya. Ki sa geji, wato farashin da ba za a sallama ƙasa da shi ba. Dukiyar marayu ba a fitar da ita ba geji. Sai dai gejin ya zama na hankali, don idan ba a kai shi ba, sakamakon yana nan a intanet tare da lambar shasi, duk mai taya ta nan gaba daga wannan adadin zai fara.

Gwanjon zahiri yana da nasa amfani: Mecum kan yi a Houston ɗin kanta, manyan nasa kuma a Kissimmee cikin Janairu da Indianapolis cikin Mayu, Barrett-Jackson a Scottsdale cikin Janairu, inda yawancin motoci ba geji ake sayar da su. Mota tana samun 'yan mintuna ne a gaban masu taya, rana da sa'ar da aka ba ta suna iya yanke mata ƙaddara. Ki karanta la'ada da kuɗin shiga a yarjejeniya kafin ki sa hannu. Dillalan ajiye-a-sayar su ma suna nan; a rubuta adadin da zai shigo hannunki, wa'adi, da wanda zai biya idan an ƙwarzane ta. Idan kuwa ta tabbata Malibu ce aka yi wa ado, talla a shafin tsofaffin motoci irin Hemmings ko ClassicCars.com ya isa, kuma akwai masu nemanta, mutanen da hawa suke so, ba ajiya ba. Daga Maris zuwa Yuni kasuwa ta fi motsi.

Zancen Najeriya ki bar shi. Masu biyan kuɗi don lambar bulok a Amurka suke, sai Turai da Ostireliya. Kwastan ma tana da iyakar shekarun motar da ake shigowa da ita.

Hoto kuwa, gani ya kori ji. Ɗari da hamsin ba su yi yawa ba: kowane gefe, cikin but bayan an ɗaga shimfiɗa, ƙarƙashi, kowace lamba, kowace takarda, kowane tabo. Sai bidiyon tayar da ita da sanyi, a nuna hannu kan inji kafin a murɗa, da bidiyon tuƙi ana shiga giya huɗun. A rufe adireshin gida a kan rasit.

Shawarar ɓoye zancen inji ita ce mafi muni cikin duk abin da aka faɗa miki. Mai saye na gaske da fitila zai zo, minti biyu ya gano. Wanda bai gano ba sai bayan ya biya yana iya kai ki kotu, kuma rubuta cewa an sayar yadda take ba ya kare wanda ya faɗi ƙarya. Addini ma ya hana ɓoye aibin haja. Ki rubuta abin da aka tabbatar, abin da babu hujjarsa ki ce babu. Agogon mil ɗinta lamba biyar ne, yana komawa sifili bayan 99,999, don haka ki ce ga abin da yake nunawa, kada ki ce shi ne tafiyarta. Mai saye zai tambayi ambaliyar Harvey ta 2017 da zarar ya ji Houston. Ki tanadi amsa ta gaskiya. Kada kuma ƙanin maigida ko wani ya shiga gwanjo yana taya don ɗaga farashi. Najashi ke nan, haramun ne, shafukan ma korar mutum suke yi a kai.

Wajen karɓar kuɗi aka fi cutar mutane. Mai cewa zai aiko da cakin banki da ƙari a kai, ki tura wa direban ɗaukar mota ragowar, ɗan damfara ne. Banki yana iya nuna miki kuɗin caki a asusu washegari, bayan mako biyu ya gano jabu ne ya janye, mota ta riga ta tafi. Hanya mafi tsafta ita ce turawa banki zuwa banki, ki kira bankinki da kanki a tabbatar kuɗin sun zauna. Saƙon waya ko hoton rasit ba shaida ba ne. Idan caki ne, ku je reshen bankin mai saye a rubuta shi a gabanki. Idan tsaba ce, a ƙirga a banki a zuba nan take. Banki zai kai rahoton duk abin da ya wuce dala 10,000, wannan ba komai ba ne. Rarraba kuɗin don kauce wa rahoton shi ne laifi. Kada ki gana da mai dubawa ke kaɗai. Wanda zai gwada tuƙi ya nuna lasisi da shaidar yana da kuɗin, naku kuma ya zauna a gefensa.

Takardar ciniki ta ƙunshi lambar shasi, farashi na gaskiya, rana, jerin kayan da suka bi motar da abin da kika bayyana, kwafi biyu. Kada ki bar gurbin sunan mai saye a buɗe, kada ki yarda a rubuta farashi ƙasa don ya rage harajin kashi 6.25 da Texas ke karɓa. Idan ɗan jihar ne, ku je ofishin harajin gunduma tare da fom 130-U. Ki cire lambar rajistar mota, ba farantin shasi ba, ki aika sanarwar sayarwa ta VTR-346 cikin kwana 30, ki ɗauki hoton motar ranar da aka loda ta, inshora kuma a soke ta bayan ta bar ƙofar gida.

Kimar ranar rasuwa da muka ce a rubuta, ga amfaninta: a harajin tarayya, abin da aka gada daga darajarsa ta ranar rasuwa ake lissafa ribarsa, ba daga kuɗin da mamaci ya saya ba. Idan kin sayar kusa da wannan adadi, harajin riba kaɗan ne ko babu. Ki kai wa akanta takardar masanin tare da ta ciniki.

Shi kuma aminin, ba lallai cuta ya nufa ba. Idan Malibu ce mai baƙon inji, tayinsa na iya zama kusa da gaskiya, tunda babu la'ada babu jira. Idan SS ce mai takardu, ya yi ƙasa. Ki gode masa, ki ce dukiyar marayu ce sai an kimanta, ki tambaye shi yadda aka yi ya san an canza injin da inda tsohon yake, don mai yiwuwa yana wurin ranar da aka sauke shi. Idan rahoton masani ya fito, ki nuna masa, ki ba shi mako guda ya kawo tayi a rubuce. In ya kai abin da zai rage miki bayan an cire la'adar gwanjo, ki sallama masa ta banki, da takardu kamar kowa. In bai kai ba, ki faɗa masa ranar da za a buɗe gwanjon ya shiga ya taya.